Inuwa A Talabijin Ɗin Majiya

Ranar da Yaya ya yanka wa ƙanensa wa'adi ina tsaye a ƙofar shagona da kilifa a hannu, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Shagon askina da gidan gem ɗinsu, inda samari ke biya su buga wasan bidiyo, bango ɗaya ne ya raba, bangon ma na katako, wanda ko tari aka yi a can sai na ce sannu.

Yaya, kamar yadda duk muke ce masa, dillalin tayoyin mota ne, mutum mai ƙarancin magana da yalwar tumbi. Shi ya kama shagon, shi ya zuba talabijin da injinan gem, sannan ya danƙa wa ƙanen nasa makulli don ya daina zagaye gari yana ba mutane shawarar da ba su nema ba. Ƙanen kuwa shi ne wanda duk layinmu ke kira Majiya, domin ko lokaci ka tambaye shi sai ya fara da, "Wata majiya mai tushe ta shaida mini." Ranar Yaya ya leƙa ya tarar da bencina babu kowa, sai Majiya zaune yana buga gem shi kaɗai yana yi wa kansa kirari.

"Ina mutanen?" in ji Yaya.

"Yaya, ai kasuwa ce, tana da lokacinta."

"Na ga lokacin nata. Ga shi can tsallaken titi."

A tsallaken titin wani sabon gidan gem ne, mai ƙofar gilashi da kujerun kushin da esi mai sanyaya ɗaki. Mai shagon muna ce masa Mai Sanyi, rabi don esin, rabi don ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya. Cikin 'yan makonni ya kwashe wa Majiya jama'a tas.

"Ƙarshen wata zan dawo," in ji Yaya. "In na tarar da shagon nan haka, sito zan mai da shi. Kai kuma ka dawo wajena gara taya."

Yaya na juya baya Majiya ya faɗo shagona, ya zauna a kujerar aski ba tare da an ce masa bismilla ba.

"Mutumina, Mai Sanyi yana da esi, ni ina da ilimi. Kafin ƙarshen watan nan sai ya zo yana roƙona in ara masa mutum biyu su ɗuma masa kujera."

"Da wane ilimin?"

"Maƙeri na biyar. Ni zan faɗa wa duniya abin da ke ciki kafin kamfanin ya buɗe baki."

Dole in yi bayani don waɗanda Allah Ya tsare daga wannan cuta. Akwai wani gem da ya haukata unguwarmu, muna ce masa Maƙeri saboda sunansa na asali ya fi ƙarfin bakinmu. Jarumin ciki maƙeri ne mai rabin kai a aske da dogon takobi a ƙugu. A ƙarshen kashi na huɗu ya faɗo daga saman wata hasumiya, gajimare ya haɗiye shi, aka rufe. Shekaru ke nan ana jira. Masu cewa ya mutu da masu cewa bai mutu ba har gaisuwa sun rage wa juna. To a makon nan ne kamfanin ya saki wani guntun talla: farin gajimare, kukan iska, lamba biyar, da sanarwar cewa ranar ƙarshe ta wata za su yi bayani kai tsaye. Iyakar abin da ke ciki ke nan, ko tsuntsu babu.

Majiya ya ɗora tallan a babbar talabijin ɗin shagon, ya tsayar da hoton a kan gajimaren, ya kashe sauti, ya ja kujera har hancinsa na neman taɓa gilashi. Haka ya wuni. Washegari ma haka. Na fara tunanin in kira matarsa.

Ina tsakiyar aske wa Malamin Lissafi kai, wani malamin sakandare da ke gaba-gaba a ƙungiyar bai-mutu-ba, sai ga Majiya ya shigo idanu jajur. Ya kama hannuna, ya kama na Malam, ya ja mu da mayafin aski da komai.

"Ku zauna. Kada wanda ya yi magana."

"Me za mu gani?" na tambaya.

"Na ce a yi shiru. Ba ya fitowa cikin hayaniya."

Muka zauna muna kallon farin gilashi kamar waɗanda aka yi wa horo. Har na yunƙura zan tashi, sai wata 'yar inuwa ta ɓullo daga kusurwar ƙasa. Tsawonta bai wuce yatsa ba. Gaɓoɓi huɗu a baje, da wani dogon abu yana ja a baya.

"Hannuwa biyu," in ji Malam a hankali. "Ƙafafu biyu."

"Da takobi," in ji Majiya. "Dubi takobin yana reto. Malam, mutumin da ya faɗo daga hasumiya, in bai mutu ba me zai yi?"

"Zai hau," in ji Malam. "Hawa yake yi."

Na zaro wayata na kunna tallan, na tsayar a daidai wurin. Fari fat, babu kowa.

"Wayarka ta talakawa ce," in ji Majiya. "Kamfani ya ɓoye shi ne a wani launi da sai babbar talabijin ta asali ke iya fitarwa. Majiyata ta ce irin wannan a duk ƙasar nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba."

Talabijin ɗin kuwa ta hannu ce, Yaya ya saye ta wajen wani da zai tashi daga gida, murfin bayanta ma da waya aka ɗaure shi. Amma Malam bai tsaya jin wannan ba. Da rabin askinsa ya fita yaɗa labari.

Kafin la'asar shagon ya cika. Kafin mako ya zagayo sai an yi layi. Majiya ya kafa dokoki. Ba a buga gem a babbar talabijin. Ba a magana. Ba a kunna fanka, domin ƙararta tana rikita siginar. A rufe ƙofa saboda haske. Sai ka ga ƙarti, waɗanda da in suna buga gem ɗin ƙwallo ihunsu ke sa in yanki kunnen mutum, sun jeru tsit suna zufa, suna zuba wa farin gilashi ido kamar masu jiran sakamakon asibiti. Wani lokaci inuwar ta fito da wuri, wani lokaci sai an kusa suma. In ta fito sai ka ji numfashi ya ɗauke gaba ɗaya.

Mai Sanyi ya tsallako wata rana, hannuwa a aljihu, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Maƙwabci, na sa tallan nan a tawa talabijin, ban ga komai ba."

"Ai ba za ka gani ba. Sanyi ya yi yawa a wajenka."

"Sabuwa ce fil, daga kwali."

"Matsalar ke nan. Ba ta da ƙwarewa."

"To Allah Ya ba da sa'a," in ji Mai Sanyi, ya koma shagonsa da babu kowa sai esi.

Malam ya zo da rula. Kullum inuwar ta fito sai ya auna inda ta kai, ya manna 'yar takarda a gefen talabijin. Bayan 'yan kwanaki ya miƙe ya sanar cewa bisa saurin hawan, Maƙeri zai kai saman hasumiya daidai ranar da kamfani zai yi bayani. Aka yi ta girgiza kai ana jinjina wa kamfanin nan da iya tsari. Washegari inuwar ta fito kanta a ƙasa, tana gangarowa.

Kowa ya juya ya kalli Majiya.

"Ya manta gudumarsa," in ji shi, ko ƙiftawa bai yi ba. "Maƙeri ne fa. Da me kuke so ya yi aiki in ya isa?"

Ya ɗauki abin a waya ya watsa a intanet. Mutanen ƙasashen da ba mu taɓa jin sunansu ba suka yi ca. Wasu suka ce gaskiya ne, wasu suka ce haɗi ne, wani ya zana jan da'ira da kibiyoyi ya ce ya ga gemu. Wani guda ya rubuta cewa mai talabijin ɗin ya daure ya buɗe ta ya share. Majiya ya karanto mana wannan da murmushi.

"Ma'aikacin kamfani ne. An turo shi ya karkatar da hankalin jama'a. In ba ka taɓo gaskiya ba, wa zai turo maka mutum?"

Sai kuma ranar tashin hankali. Inuwar ta fito babu dogon abin nan a bayanta. Can ƙasa, a gindin gilashi, ga shi kwance shi kaɗai. Wani direban tasi da ke ajiye motarsa a ƙofata ya wuni a nan maimakon neman fasinja, ya dafe kai.

"Takobin ya faɗi. Takobin da ubansa ya ƙera masa."

"Na san da wannan tun tuni," in ji Majiya. "An ce kada in faɗa ne. A kashi na biyar da hannu zai yi faɗa."

Ana cikin wannan alhini matar Majiya ta turo ƙofa da kular abinci. Tela ce, muna ce mata Anti, kuma ba ta san da dokar shiru ba, ko ta sani ba ta damu ba.

"Me ya faru kuka yi jugum kamar an yi rasuwa? Kai, wannan zafi. Ku kunna fanka mana."

"Shshsh," in ji ɗakin gaba ɗaya.

Ta ajiye kular, ta matsa ta leƙa abin da ake kallo, ta karkata kai.

"Abban yara, wannan ai tsaka ce."

Shiru ya biyo baya, wani irin shiru daban da wanda aka saba. Sai Majiya ya yi dariya, ɗakin ya taya shi.

"Ku yi mata uzuri. Ko kashi na ɗaya ba ta buga ba."

"Ban buga ba, amma ina share bayan kabad."

"Tsaka da takobi?"

"Tsaka da jela."

"To ina jelar?"

"Ga ta nan ƙasa ta yar."

"Haba Anti, da girmanki," in ji Direba. "Mutum ya rasa takobin ubansa, ke kina zancen jela."

"Ku ci gaba," in ji ta. "Kular dai a dawo mini da ita a wanke."

Ni dai na ƙara kallon inuwar da kyau, maganar Anti ta zauna mini a ciki daram. Amma duk wanda ya gaji da layi shagona yake shigowa ya yi aski, kuma ban ga dalilin da mai aski zai tsoma baki a harkar ilimi ba.

Bayan kwana kaɗan inuwa ta zama biyu. Nan jama'a suka rabu. Ɓangaren Malam suka ce ƙanen Maƙeri ne, wanda ya ci amanarsa a kashi na uku, ya biyo shi ya ƙarasa shi. Ɓangaren Direba suka ce matarsa ce da ta ɓata tun kashi na biyu. Inuwoyin suka yi ta bin juna a cikin gajimare, can sai ɗaya ta hau kan ɗaya suka tsaya cik.

"Kokawa suke," in ji Malam cikin raɗa. "Ya danne shi."

"Malam," in ji Direba, "kai dai har yanzu ba ka yi aure ba ne."

Malam ya ce a maimaita. Aka maimaita. Rula ta tashi sama, wani ya riƙe wani, benci ya karye da mutum biyar a kai, inuwoyin suka ɓace. Aka juyo wajen Majiya ya raba gardama, mata ce ko ƙane. Ya dubi ɓangarorin biyu, ya ga kowanne ya kai rabin shago.

"Majiyata ta ce duka biyun ne. Sauran bayani sai ranar."

Ranar kuwa Majiya ya shirya mata shiri. Shagon ba zai ɗauki jama'a ba, don haka ya ɗauko hayar rumfa da kujerun roba, ya sa aka rubuta ƙyalle da manyan baƙaƙe, A NAN AKA FARA GANINSA. Ya aika wa Yaya cewa ya zo ya ga yadda ake kasuwa. Ya sa Anti ta ɗinka masa rigar fata irin ta Maƙeri da ledar wata tsohuwar kujera. Ta ɗinka tana cewa ita dai ba ta san shi ba in an tambaya. Kafinta ya fafe masa takobin katako wanda ya kusa kai tsawonsa. Da safe Majiya ya zauna a kujerata.

"Rabi za ka aske. Ɓangaren hagu, ƙwal."

"Ka tabbata? Gashi ba ya dawowa da la'asar."

"Mutumina, yau za a ɗauke ni hoto a ƙasashe. Aske."

Na aske. Ya fito yana taƙama, takobin na jan ƙasa.

"Ba ka ce takobin ya faɗi ba?" in ji Direba.

"Ni na tsinta."

Juyawar farko da ya yi takobin ya kwashe tiren mai sayar da lemo. Ya sunkuya zai taya ta tsincewa, ƙarshen takobin ya ɗaga ya zunguri Malam a haƙarƙari. Ya juya zai ba Malam haƙuri, ya harɗe igiyar rumfa, ɓangare guda ya rufto kan layin baya. Kafin a tayar da rumfar, ƙyallen ya saki gefe ɗaya yana lilo. Da aka gyara, sai ya zamana rumfar ta rufe mutane amma ta bar bayan talabijin a rana. Majiya ya ce ba komai, ta asali ce. Shi kansa cikin rigar leda zufa ke zuba ta ɓangaren da na aske kamar an buɗe famfo.

Duk da haka jama'a sun zo. Titi ya cika har masu mota na zagi. Yaya ya iso, aka ba shi kujerar gaba, dab da teburin talabijin. Ya dubi ƙanensa sama da ƙasa. Sannan ya waiwaya ya dubi taron, ya dubi tsallaken titi inda Mai Sanyi ke tsaye shi kaɗai a ƙofarsa, ya gyaɗa kai.

"Ba laifi," in ji shi.

Ina kusa, na ga fuskar Majiya lokacin. Tun suna yara yake jiran kalmar nan daga bakin Yaya. Wallahi har na ji na taya shi murna, na kuma ji tsoro ya kama ni.

Majiya ya hau kan benci ya yi jawabi. Ya ce akwai masu esi, akwai masu basira. Ya ce nan da ɗan lokaci kamfani zai maimaita abin da shi ya riga ya faɗa, kuma ba mamaki su ambaci sunansa, amma in ba su ambata ba, yarjejeniya ce. Aka yi tafi. Aka kunna.

Wani mutum ya bayyana, mai faffaɗan goshi da farar riga, bayansa farin bango. Ya fara magana da yarensu.

"Yana gaishe da jama'a," in ji Majiya, wanda bai san ko kalma ɗaya a yaren ba. "Musamman na wannan yanki."

Saboda sabo, taron ya yi tsit. Wata guda ana koya musu shiru a gaban talabijin ɗin nan, sun kuwa koya. Sai ga inuwar ta fito daga bayan kunnen mutumin, ta taka a hankali, ta tsaya a tsakiyar goshinsa.

"Kun gani?" in ji Majiya. "Har a nan sun sa shi. Saƙo ne gare mu."

Hoto ya sauya zuwa wata mata mai gabatarwa. Inuwar ba ta gusa ba, yanzu tana kan kumatunta. Aka sauya zuwa tallan wani gem na tseren motoci, tana nan a kan gilashin mota. Aka dawo kan mai goshi, ta gangaro ta hancinsa. Na ga Malam yana sauke rularsa a hankali. Ta biyun ta fito daga aljihun farar rigar. Bayanta wasu ƙanana suka biyo, suna watsuwa ko'ina.

"Runduna ce," in ji Majiya, amma muryar ta fara zama siririya. "Ya tara runduna."

Rana ta gasa bayan talabijin har robar murfin na wari. Babbar inuwar, mara takobi, ta miƙe sama da gudun da ba mu taɓa gani ba. Ta wuce takardun Malam ɗaya bayan ɗaya, ta kai ƙarshen gilashi, ta ɓace. Kowa ya ɗaga kai. Ta wata kafa a saman murfin da aka ɗaure da waya, wani ɗan kai ya leƙo. Sai gaɓoɓi huɗu. Tsaka ce, fara sol, guntuwa babu jela. Ta tsaya a saman talabijin ta dubi taron, ta zaro harshe ta lashi idonta.

Daga can baya muryar Anti ta taso.

"Ga Maƙerinku nan ya kai saman hasumiya."

"Lissafina dai ya yi daidai," in ji Malam, ba da kowa yake ba. "Yau ne."

Dariyar ta fara daga baya ta taho gaba kamar ruwa. Tsakar ta firgita, ta diro a cinyar Yaya. Yaya, da duk tumbinsa, ya yi tsallen da ban san yana da shi ba.

"Yaya kada ka motsa!" in ji Majiya, ya zare takobi.

Sarar farko ta samu kujerar da Yaya ya bari. Tsakar ta bi ƙafar tebur ta haye gilashin talabijin, wannan karon ta waje. A daidai lokacin mai goshi ya ɗaga hannu ya buɗe yatsu biyar, abin da ba ya bukatar tafinta. Majiya bai gani ba. Ya riga ya ɗaga takobi da hannu biyu.

Tsakar ta tsira. Gilashin ya tsage daga sama har ƙasa, ya yi baƙi, da wasu layuka masu launi. Sauti kuwa bai mutu ba. Muna jin kukan iska, ga kiɗan Maƙeri yana tashi, kiɗan da aka yi shekaru ana jira, babu abin gani.

Direba ne ya fara sungumar kujerarsa. Kafin ka ce me, titi ya cika da mutane ɗauke da kujerun hayar Majiya a ka, suna tsallakawa. Mai Sanyi ya buɗe ƙofar gilashinsa duka biyu ya matsa gefe.

"A hankali," yake cewa. "Akwai wuri."

Aka bar Majiya da Yaya da ni da rabin rumfa. Yaya ya karkaɗe wandonsa ya miƙa hannu.

"Yaya, ai ka ga jama'a. Da bakinka ka ce ba laifi."

"Na gan su. Ga su can."

"Talabijin ce kawai. In aka sami wata..."

"Makulli."

Makullin yana aljihun wando, ƙarƙashin rigar leda da Anti ta ɗinke ba zif. Sai da na taya shi muka tattare ta sama, yana tsaye a tsakiyar titi, kafin hannunsa ya kai. Ya ajiye shi a tafin Yaya.

"Gobe ka zo da tsofaffin kaya," in ji Yaya. "Taya na da datti."

Na tsallaka na leƙa ta saman kawunan mutane, don kada a ce an yi ba ni. Abin da kamfanin ya nuna bayan duk wannan shi ne farin gajimare, lamba biyar, da wani rubutu da Malam ya fassara mana: sai baɗi. Babu Maƙeri, babu matarsa, babu ƙanensa. Mutane suka fito suna tsine wa kamfani. Kafin su kai bakin titi Direba ya fara cewa gajimaren gefen dama ya yi masa kama da hannu, wasu biyu suka tsaya suna saurarensa.

Washegari da safe motar tayoyi ta tsaya a ƙofa. Ina jin su ta bangon katako, ana jan benci waje, ana jibge taya inda babbar talabijin take. Da rana Majiya ya shigo, tsohuwar riga duk baƙi, ya tsaya a bakin ƙofa sai da na ce ya zauna. Ya nuna rabin gashin da ya rage.

Na ɗaura masa mayafi na kunna kilifa. Shekaru ina aske kan nan, kullum ina roƙon Allah Ya sa ya yi shiru ko na minti ɗaya in gyara masa gefen kunne. Yau ya yi shirun, sai na ji shagon ya yi mini faɗi, hannuna ma ya ƙi sauri. Tausayinsa ya kama ni sosai. Da na kusa gamawa na kasa daurewa.

"To mutumina, kai a ganinka, Maƙerin nan zai dawo kuwa?"

Ya daɗe yana kallon kansa a madubi.

"Ban sani ba," in ji shi.

Tun da nake da shi ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. Daga waje Yaya ya ƙwala masa kira, akwai sauran taya a mota. Ya cire mayafin da kansa, ya ninke, ya fita.